Lokaci ya yi da za mu fara ƙirga malam-buɗe-littafi

A ƙarshen watan Mayu, lokacin da sanyi ya gama sakin ƙasashen Turai, ciyawa ta tofo, furanni suka buɗe, dubban mutane a Birtaniya kan ɗauki takarda da fensir su bi gefen gonaki da bakin daji suna ƙirga malam-buɗe-littafi. Cikinsu akwai malaman makaranta da manoma da ɗalibai da tsofaffin ma'aikatan da suka ajiye aiki, kuma galibinsu ba mai biyansu ko sisin kwabo. Da dare wasunsu kan kunna fitila a bayan gida su ajiye akwati a ƙarƙashinta, da asuba su buɗe su duba ire-iren faɗa-wutar da haske ya jawo, su rubuta sunan kowace da adadinta, sannan su sake su. Bahaushen da ya ji wannan labari yana iya cewa ƙoshi ne ya yi wa mutanen nan yawa har suka rasa abin yi. Ni kuwa ina ganin wannan ƙidaya tana cikin ayyukan ilimi mafi araha da mafi amfani da wata al'umma ta taɓa ɗora wa kanta, kuma mu da abincinmu ya dogara ga damina mun fi Turawa bukatarta. Wanda ya san wane ƙwaro ne ya fito, yaushe ya fito, kuma nawa ne, ya riƙe labarin lafiyar ƙasarsa da na gonarsa tun kafin ɓarna ta bayyana.

Abin da ya bambanta aikin nan da yawon shan iska shi ne ƙa'ida. A shekarar 1976 aka kafa tsarin sa ido kan malam-buɗe-littafi na Birtaniya bisa hanyar da wani masani mai suna Ernest Pollard ya tsara a cibiyar bincike ta Monks Wood. Mai ƙidaya zai zaɓi hanya guda ya riƙa bin ta sau ɗaya kowane mako, daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, makonni 26 ke nan. Ba zai ƙirga duk abin da idonsa ya hango ba, sai wanda ya gifta cikin mita 2.5 ta damansa, mita 2.5 ta hagunsa, da mita 5 a gabansa. Zai fita ne tsakanin hantsi da la'asar, ranar da ba ruwa ba iska mai ƙarfi, kuma zafin gari bai gaza digiri 13 ba. Tunda hanyar ba ta sauyawa, faɗin wurin kallo ba ya sauyawa, yanayin fita ba ya sauyawa, duk bambancin da aka gani tsakanin bana da bara daga ƙwarin yake, ba daga mai ƙirgawa ba. Ta ɓangaren faɗa-wuta kuma, cibiyar binciken noma ta Rothamsted tana da tarkunan fitila a faɗin ƙasar da ake tattara alƙalumansu tun 1968, yawancinsu a hannun masu aikin sa kai. A 2010 aka ƙara da wata ƙidaya ta kowa da kowa, inda mutum zai zauna minti 15 kacal a lambu ko fili ya rubuta abin da ya gani ya aika.

Da aka tara shekaru ana wannan aiki, sai takardun suka fara magana. Rahoton ƙungiyar Butterfly Conservation na 2022 ya nuna cewa kashi 80 cikin 100 na nau'o'in malam-buɗe-littafin Birtaniya sun ragu tun daga shekarun 1970, ko a yawa, ko a faɗin wuraren da ake samunsu, ko duka biyu. Tarkunan Rothamsted sun nuna cewa manyan faɗa-wuta sun ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku tsakanin 1968 da 2017. A Jamus, wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari ta garin Krefeld ce ta tattara bayanan da aka wallafa a 2017, waɗanda suka nuna nauyin ƙwari masu tashi ya faɗi da fiye da kashi 75 cikin 100 a shekaru 27, a wuraren da ma doka ta keɓe don kare halittu. Alƙaluman sun kuma nuna cewa da yawa daga nau'o'in da ke fitowa bayan sanyi yanzu suna riga tsohon lokacinsu fitowa, saboda ɗumamar yanayi. Ba wani mutum ɗaya da zai iya ganin wannan da idonsa, domin raguwar kashi ɗaya ko biyu a shekara ba ta jan hankalin kowa. Tsoho kan ce a da sun fi haka yawa, yaro ya ce ai tsoho ko yaushe yabon da yake yi, magana ta mutu a nan. Rubutu ne kaɗai ke raba wannan gardama.

Kuma sa ido ba ya tsayawa ga kai labarin mutuwa, yana kawo magani. Akwai wani shuɗin malam-buɗe-littafi da ya ƙare ƙaf a Birtaniya a 1979. Shekara da shekaru masu son kare shi suna kewaye wurarensa da shinge don hana mutane da dabbobi shiga, ashe shingen yana cikin abin da ke kashe shi. Wani masani, Jeremy Thomas, ya duƙa yana bin rayuwarsa daki-daki har ya gano cewa tsutsarsa takan faɗo ƙasa bayan 'yan makonni, wata irin jar tururuwa ta ɗauke ta zuwa raminta bisa zaton 'yarta ce, a can tsutsar za ta yi wata goma tana cin 'ya'yan tururuwar. Ita kuma wannan tururuwa ba ta zama sai inda ciyawa take gajera rana na dukan ƙasa. Da aka hana kiwo, ciyawa ta yi tsawo, ƙasa ta yi sanyi, tururuwa ta tafi, malam-buɗe-littafi ya bi ta. Da aka fahimci haka sai aka maido da kiwo, aka ɗauko iri daga Suwidin a shekarun 1980, yau kuma yana tashi a wurare da dama a kudu maso yammacin Ingila. Darasin a fili yake: kyakkyawar niyya ba tare da lura ba tana iya zama ɓarna.

Mai karatu zai ce to ina ruwanmu, tunda abin a Turai yake. Ruwanmu babba ne, domin wani ɓangare na abin da Bature ke ƙirgawa a ƙarshen Mayu asalinsa daga yankinmu yake. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da ɗigon baƙi da fari a bakin fiffike, wanda masana ke kira Vanessa cardui. Nauyinsa bai kai giram ɗaya ba, amma zuri'arsa tana kai-komo tsakanin Afirka da arewacin Turai, tafiyar kilomita 12,000 zuwa 14,000 a shekara, kaka ya fara, jikan jika ya ƙarasa. A watan Mayun 2009 na'urar rada ta nuna cewa kimanin miliyan 11 sun shiga Birtaniya, da kaka kuma kimanin miliyan 26 suka fice suka nufo kudu, suna tafiya a sama can inda ido ba ya kaiwa. An daɗe ana zaton iyakarsu Maroko da maƙwabtanta, sai wasu masana biyu daga Barsalona, Gerard Talavera da Roger Vila, suka zo suka same su suna hayayyafa a Chadi da Benin da Sanagal da Habasha a ƙarshen damina, wato sun ƙetare Sahara. Wani binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa yawan da ke isa Turai yana iya ninkawa har sau 100 daga wata shekara zuwa wata, kuma ɗaya daga manyan dalilan shi ne yadda ciyawa ta yi kore a yankunan da ke kudu da Sahara watanni kafin nan. Ke nan ruwan da ya sauka a ƙasashenmu yana bayyana a takardar wani dattijo a Ingila. Rabin labarin an rubuta shi a can da kyau, rabin da ya shafe mu kuwa sai baƙo ya yi tattaki ya zo ya leƙa na 'yan makonni ya koma.

Wannan giɓi ba don ƙarancin abin gani ba ne. Littafin Torben Larsen na 2005 ya tattara kusan nau'i 1,500 na malam-buɗe-littafi a Afirka ta Yamma, Najeriya kaɗai tana da fiye da 1,000, alhali Birtaniya da duk ƙidayarta nau'i 59 gare ta. Gaskiya ne mafi yawansu a dazuzzukan kudu suke, irin su tsaunukan Oban a jihar Kuros Riba, amma arewa ma tana da nata, kuma suna bakin ƙofarmu. Duk wanda ya tsaya gaban tumfafiya ya juya ganyenta zai iya samun wata tsutsa mai zane-zanen baƙi da fari da rawaya, da 'yan siraran ƙahoni guda shida a bayanta. Tana cin ganyen duk da ɗacin nononsa, ta adana dafin a jikinta, idan ta rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi mai ruwan goro sai ya riƙa tashi a hankali ba gaggawa, domin tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana shi ba ya marmarin ƙarawa. A jikin lemun tsami akwai wata ƙaramar tsutsa da ba ta da maraba da kashin tsuntsu a ido, wannan kamar ce ke kare ta har ta girma ta koma kore, daga baya ta zama babban baƙin malam-buɗe-littafin nan mai ɗigon rawaya. Masu ruwan ƙwai-ƙwai da fari-fari da ke taruwa a bakin kududdufi suna tsotsar laka, da yawansu a kan tafasa da rai-ɗore suka tashi, wasu fararen kuma a kan anza. Kowane nau'i yana ɗaure da tsironsa, shi ya sa ɓacewarsa a wuri take ba da labarin abin da ya sami tsirran wurin.

Hujja mafi nauyi da za a kawo a kan wannan kira ita ce ta halin da ake ciki. Mutanen da ke fama da tsadar taki da 'yan bindiga da yunwa, wa zai ce musu su bi ƙwaro suna ƙirgawa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta tana cikin gonar mai tambayar. Tsutsotsin da suka fi cinye mana abinci a shekarun nan 'ya'yan faɗa-wuta ne. Tuta absoluta, wadda ta cinye tumatir a 2016 har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin, farashin kwando ya yi ninkin ba ninki, wata 'yar faɗa-wuta ce da tsawonta bai kai santimita ɗaya ba. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifaniya a 2006, ta bi ƙasa bayan ƙasa shekara kusan goma kafin ta yi mana wannan ta'asa. Ba ta zo a ɓoye ba, mu ne ba mu da masu gadi. Haka tsutsar nan mai cin zuciyar masara: a watan Janairun 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya, masana na cibiyar IITA ta Ibadan suka tabbatar da ita, cikin shekara biyu ta game kusan dukan ƙasashen kudu da Sahara. Uwar tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya, tana iya saka ƙwai 1,000 ko fiye. Ita ma tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa, wadda ta sa cibiyar IAR ta Zariya ta fitar da irin SAMPEA 20-T a 2019, daga faɗa-wuta take. A dukan waɗannan, uwa ce ke fara zuwa, ta yi ƙwai, bayan kwanaki tsutsa ta ƙyanƙyashe. Manomin da ya ga uwar yana da kwanakin shiri a hannunsa. Wanda ya jira sai ya ga ganye ya huhhuje, ko tsutsa ta shige cikin tumatir inda magani ba ya kai mata, ya riga ya makara, kuɗin feshinsa ma asara ce ta biyu.

Ba hasashe nake yi ba, an gwada an gani a Afirka. A Tanzaniya, tun farkon shekarun 2000, aka koya wa mutanen ƙauye amfani da tarko mai ƙamshin macen wata faɗa-wuta mai ɓarna a gona da ma'aunin ruwan sama. Kowace safiya wani zai ƙirga mazan da suka faɗa tarko, idan adadin ya haura wani mizani kuma ruwa ya sauka, sai a yi shela a ƙauye kowa ya duba gonarsa. Tsarin ya yi tasiri har aka kai shi Kenya da Habasha. Kusa da mu kuma akwai misalin murzuna, tsutsar da ke sassaƙa zangarniyar gero, wadda ta zama annoba a Sahel bayan farin shekarun 1970. Tana kwana cikin ƙasa duk rani, ta fito a matsayin faɗa-wuta kamar wata guda bayan ruwan shuka, daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Masana na cibiyar INRAN da jami'ar Maraɗi, tare da takwarorinsu na Barkina Faso da Mali, sun yi shekaru suna yaƙar ta da wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda ake renonsa cikin ƙananan buhunan algarara a rataye a ƙauyuka, ya fito ya bazu cikin gonaki yana kashe tsutsar. Wannan dabara ba ta bukatar guba, amma tana bukatar lokaci. Idan aka saki zanzaron da wuri bai sami abin ci ba, idan aka makara gero ya riga ya tafi. Sanin ranar da uwar murzuna ta fara tashi shi ne ginshiƙin aikin, kuma ba a sanin wannan rana sai da mai kunna fitila ya duba.

Wani zai juya maganar ya ce tunda dai ɓarna suke yi, me ya kawo ƙidaya, a yi feshi a huta. Wannan tunani ne ya jefa manoman rani da yawa cikin feshi kusan kowane mako ba tare da biyan bukata ba. An san nau'o'in malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta fiye da 150,000 a duniya, kusan tara cikin goma faɗa-wuta ne, masu ɓarna a gona kuwa 'yan tsiraru ne a cikinsu. Sauran suna yi mana aikin da ba ma gani saboda da dare suke yi. Furen duma fari ne, da yamma yake buɗewa, manyan faɗa-wuta masu dogon baki na cikin masu kai masa ƙurar haihuwa, haka ma furen gwanda. Tsutsotsinsu su ne abincin da tsuntsaye ke ciyar da 'ya'yansu, su kansu kuma abincin jemagu ne. Zaren tsamiya da aka daɗe ana yi wa manyan riguna aiki da shi, daga gidan wata tsutsar faɗa-wuta ake samunsa. Gubar da aka watsa ba lissafi tana kashe waɗannan, ta kashe zanzaron da ke cin murzuna, ta kashe zuma, ta shiga jikin mai feshi da ruwan sha, ita kuma Tuta absoluta an san ta da saurin sabawa da magani har ya daina yi mata komai. Ƙidaya ce ke raba abokin gaba da abokin arziki, ita ce ke gaya wa manomi yau a fesa, gobe a bari, kuma duk feshin da aka fasa kuɗi ne ya koma aljihu.

Akwai kuma masu shakkar cewa ɗan makaranta ko manomi zai iya aikin da ya kamata masani ya yi. Lallai wanda bai ƙware ba zai yi kuskure, musamman a ƙananan faɗa-wuta masu kama da juna, waɗanda wani lokaci masani ma sai da madubin ƙara girma yake rabe su. To amma ba a nemi kowa ya san dubu ba. Ƙidayar minti 15 ta Birtaniya nau'i kusan 20 kawai take nema, masu sauƙin ganewa, kuma da masana suka gwada sakamakonta da na ƙwararrun masu bin hanya sun tarar alƙaluman suna tafiya tare a nau'o'in da aka saba gani. Kuskuren mutum ɗaya yana narkewa cikin rahoton mutum dubu. Ga shi kuma yanzu waya tana ɗaukar hoto da rana da wuri, a ɗora a manhaja irin iNaturalist masani ya duba ya gyara daga duk inda yake. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta fitar da manhaja a 2018 don manoma da malaman gona su riƙa aika rahoton tsutsar masara. Sannan kada a raina idon manomi. Mutumin da ke bambance irin gero da irin maiwa tun suna tsiro, ya san ciyawa ashirin da sunayensu, ba zai kasa rabe ƙwari goma sha biyar ba idan aka nuna masa hotonsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, abin da ya rage a ba shi takarda da wurin kai rahoto.

Inda na yarda da masu suka shi ne cewa kwaikwayo ido rufe ba zai yi ba. Raguwar da aka gani a Ingila da Jamus ba hujja ba ce cewa haka take a Katsina ko Damagaram, domin nomanmu daban, yanayinmu daban. Amma wannan ƙarin dalili ne na mu ƙirga namu, tunda muna ganin dazuzzuka na komawa gawayi, burtali na komawa gona, maganin ciyawa ya shiga kowane ƙauye, damina kuma tana wasa da lokacinta. Kalandar ma dole ta zama tamu. A Turai ɗumi ne ke tada ƙwari, shi ya sa suke farawa a Afrilu su rufe a Satumba. A nan ruwa ne ke tada su. Lokacin da Bature ke ƙidayar ƙarshen Mayu, mu muna ƙarshen bazara muna duban gabas, kuma wannan shi ne daidai lokacin da ya kamata a buɗe littafin shekara, tun kafin ruwan farko, don a ga abin da ya biyo bayansa mako-mako har zuwa kaka, lokacin da malam-buɗe-littafin nan masu tahowa daga Turai ke sauka. A fadamu da wuraren noman rani irin su Kadawa da Bakolori kuwa, tarko ba zai huta ba ko da rani, domin a lokacin ne tumatir ke fili. Sa'o'in fita ma za su sauya, tunda zafin tsakar ranarmu yana sa ƙwari su nemi inuwa, hantsi da bayan la'asar sun fi dacewa.

Saura tambayar wa zai riƙe aikin, kuma a hannun wa bayanan za su zauna. Tsoron cewa za mu zama 'yan aike, mu tattara wasu su wallafa, tsoro ne mai tushe, maganinsa kuwa shi ne cibiyoyinmu su riƙe ragamar tun ranar farko. Muna da misali a gida. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, ta kafa ƙungiyoyin matasa masu aikin sa kai, har da na arewa, suna fita suna rubuta abin da suka gani suna aikawa, kuma a 'yan shekaru an cike wurare da dama da a da taswira ba ta san komai a kansu ba. Abin da ya yiwu ga tsuntsu zai yiwu ga malam-buɗe-littafi, wanda ma ba ya bukatar madubin hangen nesa. Cibiyar IAR ta Zariya, cibiyar noman busassun yankuna ta Jami'ar Bayero, jami'o'in Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, duk suna da masana ƙwari da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu. Batun tsaro ma bai hana ba, domin ba a ce kowa ya shiga daji ba. Harabar makaranta, gefen gonar bayan gari, lambun asibiti, duk wuraren ƙidaya ne masu kyau muddin za a dawwama a kansu.

Abin da ake bukata don farawa bai kai kuɗin taron bita guda ɗaya a otal ba. Masana su zauna su zaɓi nau'i 15 zuwa 20, rabi malam-buɗe-littafin da kowa ke gani, rabi faɗa-wutar da ke shafar gero da masara da wake da tumatir, a buga hotunansu a takarda ɗaya da bayani da Hausa, boko da ajami. A kowace ƙaramar hukuma a sami makarantar sakandare ɗaya da malamin kimiyyar halittu ko na aikin gona zai auna hanya mai tsawon mita 500, ɗalibai su riƙa bin ta sau ɗaya a mako. A ba kowane malamin gona tarko mai ƙamshi, da fitila mai aiki da hasken rana, da farin ƙyalle da zai rataya a bayanta. Rahoto ya tafi ta waya zuwa jami'a guda da aka ɗora wa alhaki, ita kuma ta maido da shi ga jama'a ta shirye-shiryen manoma na rediyo cikin mako, domin mutane ba sa ɗorewa kan aikin da ba sa ganin amfaninsa. Gargaɗin ƙwarin gona zai fara biyan kuɗinsa tun daminar farko. Labarin ko halittun ƙasarmu suna raguwa kuwa sai an yi shekara goma ana rubutu kafin ya fito, kuma shekarar da ba a ƙirga ba ta tafi ke nan, ba kuɗin da zai sayo ta. Don haka ina kira ga ma'aikatun gona da na ilimi na jihohinmu, da shugabannin tsangayoyin noma na jami'o'inmu, su sa wannan aiki cikin shirin daminar da ke tafe, su fara ko da makarantu goma ne.